Jirgin Kawu a Ranuna

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, a bakin tafkin Cadi ya girma, amma mafi yawan shekarunsa a Madina ya yi su, yana tuƙa wani dattijo Balarabe da iyalinsa. Da ciwon sukari ya fara taɓa idonsa ya ajiye tuƙi. Ɗan maigidan ya tambaye shi me yake so na sallama, sai Kawu ya nuna wani jirgin ruwa na faiba da ke yashe a bayan gida, wanda saurayin ya yi tsere da shi a Yanbu, garin bakin teku, kafin ya yi aure. Aka jawo shi a kan tirelarsa zuwa filin da ke gefen gidan Kawu a unguwar Ranuna. Maƙwabta suka fito suna dariya. Jirgin ruwa a garin da babu ko kududdufi!

Ni kuwa bakanike ne, giyabos ɗin motoci nake gyarawa a wata warsha, wato gareji, a bayan titin Sultana. Karatuna firamare ne, sauran duk a hannu na koya. Ranar da na je gaishe shi, bai bari na zauna ba. Ya ja ni wajen jirgin ya yaye tamfol.

"Ɗan 'yar'uwata, sau ɗaya nake so," in ji shi. "Sau ɗaya tak in ji ruwa a ƙarƙashina kafin idon nan ya rufe. Ka tayar mini da shi."

Na leƙa ciki, gabana ya faɗi. Injin yana can baya, kuma a juye yake, bayansa na kallon gaba. Daga jikinsa wata gajeriyar sandar ƙarfe ta tafi gaba ta shiga wani ƙaramin akwatin giya a tsakiyar jirgin. Daga akwatin wata doguwar sanda ta dawo baya, ta bi ta ƙarƙashin injin, ta huda ƙasan jirgin ta fita zuwa farfela. Sandunan biyu sun haɗu kamar tsinken almakashi. Bi-diraib ake ce wa akwatin. Ban taɓa ganin irinsa ba.

Injin bai ba ni wahala ba, don irin na manyan motocin Amurka ne. Akwatin ma na kwance shi, na sake masa boris da robar da ke tare mai, na wanke haƙoransa ɗaya bayan ɗaya. Cikin sati uku komai ya tashi. Abu ɗaya ya rage. Inda doguwar sanda ke haɗuwa da akwati akwai faifan ƙarfe biyu da ake ɗaure su fuska da fuska. Dole su zauna daidai ta kowane gefe. Akwai ma'auni mai siraran ganyayyakin ƙarfe da ake zurawa tsakaninsu, sama da ƙasa, dama da hagu. Wani injiniya ɗan Kano da nake yi wa gyaran mota ya karanta mini a wayarsa cewa idan suka karkace sandar tana iya karyewa a guje, ta zame ta fita, ruwa ya shigo ta ramin. Maganar nan ta zauna mini a ƙirji. Ban iya iyo ba. Kawu ya iya, amma Kawu na da, ba wannan mai laluben takalminsa ba.

Kowace Juma'a da safe nake zuwa. In saita akwatin, in ƙara washa a nan, in rage a can, har ma'auni ya shiga daidai ta gefe huɗu. Mu tafi masallaci, mu dawo, mu ci abinci. Da la'asar in ce bari in sake dubawa don zuciyata ta kwanta. Sai in tarar gefen sama ya buɗe. Ba da yawa ba, kamar kaurin takarda. Amma ya buɗe.

Kawu yana zaune a kan kujerar roba a inuwar bango, da butar shayinsa.

"Yaya, sarkin waswasi? Yau ma takardarka ta shiga?"

"Ta shiga, Kawu. Sati mai zuwa in sha Allahu."

"Kai, halas, ya isa haka! Mu a tafki da tsumma muke toshe kwalekwale mu tsallaka da buhun kifi goma. Yalla, maza ɗaure abin nan mu tafi haka nan."

"Kawu, idan wani abu ya same ka a hannuna, me zan ce wa Inna?"

"Ka ce mata ƙanenta ya mutu a jiƙe. Ita ma ta san ya fi mini."

Matarsa ta leƙo ta taga ta ce ya daina irin wannan magana ranar Juma'a. Ya yi dariya har ya ƙware da shayi.

Na zargi komai. Na zargi ma'aunin, na sayi sabo. Na zargi sandar, na cire ta na kai wa mai injin juya ƙarfe ya tabbatar mini a miƙe take. Na zargi hannuna. Har a cikin salla abin yake zo mini, in rasa raka'a nawa na yi. Lokacin sanyi ya shigo, wanda shi ne lokacin da mai ciwo irin nasa zai iya jure zaman teku, ya kuma fita. Kawu ya rage tsokanata. Wata Juma'a bai fito kujerarsa ba, ya aiko a ce mini in ci gaba, yana jin ƙarar sifanata daga ɗaki.

Da zafi ya kama sai shanyewar ɓarin jiki ta same shi. Ya yi kwanaki a asibiti, aka dawo da shi gida a kwance. Likita ya ce ko zuwa masallacin Kuba da ke nan kusa sai da dalili, balle tafiyar awa uku a mota zuwa teku. Mai filin kuma ya ce zai fara gini, a ɗauke jirgin. Ɗan maigidan ya samo wani a Yanbu da zai karɓa, aka ce ni in kai.

A bakin ruwa na tarar da bakaniken wurin, wani Bahaushen Sudan mai furfura. Kafin ya taɓa komai na gaya masa gaskiya, don kada in cuci kowa. Na ce fayafayan ba sa zama daidai, wata biyar ina fama.

Ya dube ni. "A ina kake aunawa?"

"A Madina. A kan tirela."

"Ya zol, kai bawan Allah!" Ya kama haɓa. "Wa yake auna jirgi a kan tirela? Cikin jirgi ba kankare ba ne. A kan ƙarfe yana lanƙwasa, rana ta buge shi ya motsa, kai da kanka ka taka ciki ya motsa. Sai ya zauna a ruwa ya kwana, jikinsa ya koma yadda aka yi shi, sannan a yi awon ƙarshe. Shekara goma za ka yi a tudu ba zai tsaya ba."

Muka saukar da jirgin a ruwa. Washegari da hantsi ya miƙo mini ma'aunina ya ce in gwada da hannuna. Noti ɗaya na juya, shi ma ba duka ba. Gefe huɗu suka zauna. Na jira har azahar na sake aunawa, bayan la'asar na sake. Bai motsa ba. Ya tayar da injin ya ce in shigo mu zaga. Na ce a'a. Na tsaya a kan dakali ina kallo ya fita, ya yanki ruwa, ya dawo.

Da na koma Madina na yi kwana biyu ina kai da kawowa a kan ko in gaya wa Kawu. Matarsa ta ce in bar shi, me zai ƙara masa. Amma na kasa cin abinci. Na shiga na durƙusa a gefen gadonsa na faɗa masa duka, cewa tun bayan sati ukun farko jirgin a shirye yake, ni ne na tsare shi. Na ce ya yafe mini.

Bakinsa ya karkace, magana tana fita da ƙyar.

"Ya yi gudu?"

"Ya yi, Kawu. Hancinsa har ɗagawa yake."

"Ka shiga?"

"Ban shiga ba."

"Sakarai," in ji shi. Hawaye ya gangaro ta gefen da ya shanye, ni na share masa. Ya ce ya yafe, ya ce in matsa masa ƙafa. Na zauna ina matsawa har aka kira magariba.

Sati shida bayan nan ya rasu, a ɗakin nan, muka kai shi Baƙi'a.