Ranar da Baba ya ƙarasa mini allurar kifi

Shekarun baya, a shekarar da sojoji suka koma bariki, ina karatun digiri na biyu a Zariya kan cututtukan kifi. Malamina ya dawo daga waje da wata allurar rigakafi da ake gwajinta, 'yar kaɗan a cikin ƙanƙara. Ba da ƙwayar cutar ake haɗa ta ba. Furotin ɗin da ke jikin ɓawonta ake ɗauka, kamar dai a nuna wa maigadi rigar ɓarawo don ya gane shi ran da ya zo. Malam ya ce in na kawo sakamako mai kyau, masu allurar za su ci gaba da aikin da mu. In babu, shi ke nan.

Ban je da nisa ba wajen neman wurin gwaji. Mahaifina ya yi ritaya daga aikin malamin dabbobi, ya gina ramukan kifi biyu na siminti a bayan gidanmu a Ƙofar Guga, kuma duk sanyi sai wata cuta ta yi masa ɓarna. Tsarin mai sauƙi ne. A yi wa kifin rami ɗaya allura, a bar ɗayan haka nan, in cutar ta zo a ga inda aka fi mutuwa.

Na zaunar da Baba na yi masa bayani, ina ta jefa Turanci don ya san ɗansa ya yi karatu. Ya saurara har ƙarshe, ya ce to madalla. Na yi wa na ramin gabas allura, na sa ragowar a firjin mahaifiyata kusa da kullin daddawa, na koma Zariya ina ji da kaina.

Da na dawo na tarar da shi a zaure, fuska cike da fara'a. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Likita, na ƙarasa maka aikin. Na yamma ma duk na yi musu, ko ɗaya ban tsallake ba."

Na tambaye shi dalili. Ya ce duk shekarun da ya yi yana bin rugage da sirinji, bai taɓa yi wa rabin garke allura ya bar rabi ba. Dabbar da ke hannunka in ta mutu alhali magani na cikin gida, me za ka ce wa Allah? Shi a ganinsa gajiya na yi, na fake da dogon Turanci. Ya nuna mini yatsunsa, duk ƙayar kifi ta tsattsaga su, yana dariya.

Na buɗe baki zan yi magana, na kalli hannun nan, sai na ce, "Allah ya saka da alheri, Baba."

Sanyi ya zo, cutar ta zo, kifi kaɗan ne suka mutu a duka ramukan biyu. Allurar ce ta yi aiki ko kuwa cutar ce ta zo da sauƙi a shekarar? Babu abin da zan kwatanta da shi. Malam ya saurare ni, bai yi faɗa ba, ya dai ce wannan ba sakamako ba ne. Masu allurar suka kai aikinsu wani wuri, ni kuma na lallaɓa na gama digirin da wani batu daban, na kama aikin ma'aikata.

Shi kuwa Baba, ba majalisar da bai ba labari ba. Daga Ƙofar Guga har Ƙofar Sauri an san ɗansa ya kawo allurar da ta ceci kifi, kuma shi da hannunsa ya taya. Sau da yawa na yi niyyar faɗa masa gaskiya, in na ga yadda yake ba da labarin sai in fasa. Har ya rasu bai sani ba.

Abin yana yi mini ciwo har yau, ba zan ɓoye ba. Aikin da na fi so a rayuwata ke nan, kuma ban samu wata damar ba. Amma ban taɓa iya jin haushinsa ba. Kwanaki wani tsohon abokinsa ya tare ni a wurin ɗaurin aure, ya riƙe hannuna ya tambaya ko da gaske allurar nan tana aiki. Na ce masa ni dai ban sani ba, amma Baba ya ce tana yi.