Jan Farce a Ƙarƙashin Mota

Son tsafta ya zame mini ciwo, kuma gado na yi. Mama ta rasu ta bar mini abu uku: wannan ciwon, da kwanonin gasa kek, da ƙanwata da take aji uku na firamare. Ni na raine ta. Saboda haka da aka sa ranar aurenta a wani coci a Sabon Gari, ban nemi shawarar kowa ba. Kek ɗin biki ni zan yi shi, hawa uku, irin na Mama, kuma ni zan kai shi da kaina daga Samaru.

A lokacin ina koyarwa a sakandare, ina da 'yar motata 'yar Kwatano da nake ji da ita. Cikin bazara ta fara rawa a hanya. Bakanikena ya danna bayanta ya saki, ta yi ta lilo ba ta da niyyar tsayawa.

"Malama, shokozoba ne," in ji shi. "Su ke shanye girgizar hanya. Naki sun gama aiki."

Ya tura ni Sabon Gari wurin wani ɗan kabilar Ibo mai sayar da kayan mota. Na sayi biyu na baya, mutumin ya dafa ƙirji ya ba ni garanti na wata shida: in sun lalace in dawo da su ya canza. A kwali na kai wa bakanike, ban ko leƙa ba, ya ɗaura.

Wata Asabar ina wanke mota, da yake ni har ƙarƙashi nake bi, sai na hango jan abu an shafa a jikin kowane shokozoba. Raina ya ɓaci. Sabon kaya, wani ƙazami ya ɗiga masa fenti! Na ɗauko ragowar tina, ruwan goge fenti da masu fentin gida suka bari, na kwanta a kan tabarma na dirje su tas da farin tsumma. Na jefa tsumman a but ɗin bayan mota da niyyar wankewa, na manta, na shiga gida ina yaba kaina.

Damina ta sauka, hanyar Samaru zuwa Kwangila ta koma ramuka cike da ruwa, ba ka sanin zurfinsu sai ka faɗa. A makon bikin na ɗauko kiret ɗin ƙwai daga wata gona a Shika, kafin in iso gida rabinsu sun zama wainar da ba a soya ba. Gabana ya faɗi. In ƙwai bai tsira ba, ina ga hawa uku na kek?

Bakanike ya kwance shokozoban ya nuna mini man da ya tsiyaye. Ya ce don ƙasar sanyi aka ƙera su, zafin bazara ya dafa robar da ke riƙe man, ramukan damina suka ƙarasa aikin. Biki ya riga ya tatse ni, ba halin sayen wasu. Amma wata biyar kacal suka yi, don haka ranar Juma'a da safe, ana gobe ɗaurin aure, na saka su a but na nufi Sabon Gari da ƙarfin gwiwata.

Mai shago ya juya su sama da ƙasa, ya miƙo mini. "Madam, no mark, no garanti."

Na ce ya yi mini Hausa. Ya yi kuwa. Duk kayan da ya sayar sai ya yi masa jar alama, don kada a kawo masa mataccen kayan wani shago a ce nasa ne. Waɗannan ba alama. "Kuma ko nawa ne, Madam, ni na kawo rana Zariya? Ni na kawo ruwa?"

"To da ka ba ni garantin, a ƙasar ƙanƙara muke zaune?" na ce, murya a sama. Maƙwabtansa suka fara leƙowa.

Ina cikin masifar ne abin ya faɗo mini. Jar alama. Tabarma. Tina. Kunya ta rufe ni. Na koma mota sumui-sumui na tono tsumman nan, na dawo na faɗi gaskiya, cewa ni na goge da hannuna.

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Jan fenti ai ko'ina akwai shi, in ji shi.

Matarsa tana zaune daga ciki tana ɓare agushi. Ta miƙo hannu ta karɓi tsumman. Ta shinshina, ta fito da shi haske, ta daɗe tana kallo. Ja ne mai ɗan ƙyalƙyali a ciki.

"Wannan ba fenti ba ne," ta ce. "Jan farcena ne. Ƙanwata ta aiko mini shi. Tun Kirsimeti nake nemansa, har na daina gaisawa da maƙwabciyata a kansa."

Ta juya kan mijin da yarensu. Ban ji kalma ko ɗaya ba, amma na fahimci komai. Ta ja aljihun teburinsa, ga kwalbar nan kwance cikin notuna, saura kaɗan. Da kanta ta sauko da sababbi biyu, ta buɗe kwalbar ta ja wa kowanne layi, ta ɗora mini a hannu.

"Madam, wannan kar ki wanke."

Mijin yana ta duba wata takarda da babu komai a cikinta.

A yammacin nan bakanike ya ɗaura su. Ranar Asabar mota ta bi ramukan nan a hankali, wata abokiyar aikina tana baya rungume da kek, ni kuma ina tuƙi ina addu'a. Ko fure ɗaya bai goce ba.

Da aka zo yankawa, ƙanwata ta sunkuya cikin farar rigarta, ta ga wani ɗan jan layi da na ja da sukari a gindin hawa na ƙasa.

"Yaya, ke da tsaftarki? Mene ne wannan?"

"Alama ce," na ce. Na so in yi dariya, ban iya ba. Shekara goma sha bakwai ina yi mata kitso, yau ga shi zan koma Samaru ni kaɗai a mota. Na dubi angon na kama hannunta na saka a nasa.

"Ita ma akwai alamata a jikinta. Ka bi da ita a hankali a ramuka. In ka ga ta fara tsiyayar hawaye, ka kawo mini ita, ko bayan shekara nawa ne. Ni ba na cewa ba tawa ba ce."