Aron Likkafanin Kaka

Kakana masaƙi ne, kuma a hannunsa na tashi, domin mahaifina ya rasu ban san kamanninsa ba, mahaifiyata kuma ta sake aure can wajen Dinawa. Shi ya sa da aka zo garinmu, a ƙasar Wurno, neman yaran da za a cika makarantar boko da su, ba a yi dogon tunani ba. Masu uba suka ɓoye nasu a rumbu da cikin gero, ni kuwa aka kama hannuna aka wuce. Wannan bayan babban yaƙin Turawa ne da 'yan shekaru, lokacin da in aka ce Bature na tafe, har kaji sai sun shiga taitayinsu.

Duk abin da Kaka ya saƙa na mutane ne, in ban da abu guda. Tun idonsa na da ƙarfi ya saƙa wa kansa likkafani. Kakata mace, wadda nake kira Inna, ita ta kaɗa zaren da audugar gonarsu, siriri ƙwarai, irin wanda ba ta taɓa yi wa ɗan kasuwa ba. Shi kuma ya riƙa saƙawa ƙwarya-ƙwarya, wato siraran layukan saƙa, a ranakun da babu aikin kowa a masaƙa, ya ɗinke ya fitar da zane uku, ɗaya ya fi sauran girma. A adudu ake ajiye su da saiwar jema saboda ƙamshi. Kowace shekara in damina ta wuce sai ya fito da su ya shanya a kan danga, don gudun gara da fumfuna. Duk unguwa an san ranar shanyar nan, har masu wucewa kan tsaya su yi masa fatan cikawa da imani.

Ni kuwa ranar tsokana ce a wurina, tunda jika da kaka ba a shiga tsakaninsu.

"Kai ɓarawon mata, matsa can, kak ka taɓa min rigat tahiya," in ji shi.

"Yaushe za ka sa ta, Kaka, in gaji Inna?"

"Sai ka yi gemu, ɗan nema. Ina nan bisa wuyanka."

Ina aji uku aka kawo mana sabon malami, ɗan birni, yaro matashi mai agogo a hannu, wanda bai iya faɗin magana uku ba tare da ya duba shi ba. Ba zan ce bai iya koyarwa ba, ya iya. Amma mutum ne mai son a sani, kuma idonsa kullum yana kan wanda ya fi shi, bai taɓa kallon ƙasa ya ga abin da yake takawa ba.

Akwai wani ƙaramin littafin karatu mai hotuna da muke bi a aji. A ciki akwai labarin wani yaro malalaci da aka tura korar tsuntsaye a gonar shinkafa, ya kwanta ya yi barci, tsuntsaye suka cinye gonar. Don tsoron duka sai ya yi mutuwar ƙarya. Aka lulluɓe shi aka ɗauka, ana cikin tafiya ya ji ubansa na cewa a ba ƙanensa 'yar akuyarsa, sai ya zabura ya ce bai yarda ba. Mun sha dariya a kan labarin nan. Da aka ce Baturen makarantu zai zo rangadi, sai malam ya ce zai mayar da shi wasan kwaikwayo. Mu dai tashe muka sani da watan azumi, sai kuma 'yan kama masu ba da dariya ranar kasuwa. Ba mu taɓa jin a haddace magana daga littafi a tsaya gaban manya a maimaita ba.

Kullum bayan an tashi sai mu tsaya gwaji a gindin tsamiya. Wani ya zama uba da gemun auduga, wani liman, ƙananan aji suka zama tsuntsaye da fukafukan ganyen kaba. Ni aka ba malalacin, ba don na fi kowa ƙoƙari ba, sai don ba ni da nauyin ɗauka, kuma ina iya riƙe dariya ko ana yi mini cakulkuli.

A hoton littafin, wani ɗan mayafi ne kawai aka rufa wa yaron. Malam ya ce wannan bai isa ba, shi so yake Bature ya ga jana'iza kamar gaske. Ya aika a aro makarar masallaci, limamin gari ya ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba za ta fita don wasa ba. Dole aka kwance ƙyauren kara na wani kango aka yi makara da shi. Saura farin zane. Liman yana da bakin da zai ce a'a. Masaƙi tsoho mai riƙon maraya ba shi da shi, kuma malam ya taɓa wucewa ranar shanya.

Da hantsi wani dogari ya yi sallama ƙofar gidanmu, ina makaranta. Inna ce ta ba ni labari daga baya. Dogarin ya ce daga sama anka ce a bada aron hwarin zanen nan don taron Bature, kwana biyu a maido. Kaka ya ce masa wannan ba zanen taro ba ne, ya faɗa masa ko mene ne. Dogari ya ce shi ɗan aike ne. Har yau ban sani ba ko da gaske wani na sama ya ce, ko kuwa malam ne ya haɗa baki da mai jar riga. A wancan zamani talaka ba ya bin diddigin saƙon da dogari ya kawo. Kaka ya buɗe adudu da hannunsa ya miƙa duka ukun.

Da malam ya warware zanen a gindin tsamiya, ƙamshin jema ya bugi hancina, na gane shi tun kafin in duba ɗinkin.

"Malam, wanga likkahwanin kakana na," na ce.

"To ai gara, kayan gida na. Kwanta mu gani."

Yara suka fashe da dariya. Bulalar malam na rataye a reshe, ni kuma ban kai goma sha biyu ba, na kwanta. Babban zanen aka naɗe ni da shi. Na biyu aka ɗaure tsakanin sanduna ya zama labulen da 'yan wasa ke ɓuya a baya. Na uku aka naɗa wa yaron da ya fito a liman rawani, yana ta goge majina da jelarsa.

Ranar taro aka share filin makaranta aka yayyafa ruwa, aka jera bencina, Bature a kan kujera a tsakiya, manyan gari a gefensa. Da aka ɗauko ni bisa ƙyaure ana salati, wasu tsofaffi suka miƙe suka bar wurin suna a'uziyya. Da na zabura na ce, "Akuyata ta, ban yarda ba," masu ɗaukata suka watsar da ni suka arce, Bature ya yi dariya har ya cire hularsa yana dukan gwiwa da ita. Ganin ya yi dariya, duk wanda ke gefensa ya yi, har da waɗanda ɗazu suka haɗe rai. Nan take ya ce a kai wasan Rabah, a kai Goronyo, sauran makarantu su gani su koya.

Kwana biyun dogari suka zama makonni. Kaka bai je kallon ba, amma labari ya riga ni isa gida. Na shiga ina ɗari-ɗari, na same shi a bakin masaƙa. Ya daɗe yana dubana, sannan ya ce, "Ashe kai kar riga ni shiga, ɓarawon mata. Da daɗi ciki?" Ya so ya mayar da abin wasa don kada in ji nauyi, amma muryarsa ta ƙi. Inna kuwa ta shige ɗaki ta yi ta kuka, tana cewa an yi wa jikanta mugun fata, an yi wa mijinta tsirara.

A bayan lori aka kai mu Rabah. Zanen na gani yashe a cikin motar, manyan yara na zaune a kansa suna cin rake. Na ce su ɗaga, suka ce gawa ba ta magana. Can ma aka jefar da ni a ƙasa, aka yi dariya, zanen ya kwashi jar ƙasa da kashin awaki. Na roƙi malam ya bar ni in wanke in riƙe a wurina, ya ce kayan makaranta a wurinsa suke kwana.

A Goronyo ne uwargidan Bature ta zo. Bayan an tashi, ina tsaye da zanen a kafaɗa, ta yafito ni. Ta kama gefensa ta ɗaga wa rana, ta bi ɗinkin ƙwaryoyin da yatsa, ta yi wata magana da Turanci tana murmushi. Tafinta ya ce wai ba ta taɓa ganin saƙar hannu mai laushi haka ba. Iyakar abin da ta ce ke nan, kuma ba na ɗora mata alhaki, ba ta roƙa ba. Amma a wurinmu in babban baƙo ya yaba abu, an san abin da ke biyo baya, sai mai abin ya ce ya ba shi. Mai abin yana can Wurno a bakin masaƙa. Malam ya zare zanen daga kafaɗata, ya kwance labule, ya tuɓe rawanin liman, ya ninke su tsaf, ya durƙusa ya miƙa mata da hannu biyu.

Na buɗe baki, ya juyo ya zare mini ido. Matar ta yi ta godiya, ta ce zai yi kyau a teburin cin abinci. Na tsani mutumin nan a ranar, kuma tsufa bai rage mini ba.

Ni na kai wa Kaka labari, domin malam bai ga abin ya kai ya taka ƙofar gidanmu ba. Washegari tsohon nan ya ɗauki sandarsa ya bi ni makaranta. Ya tsuguna a bakin aji, yana jiran malam, yaron da ya yi jika da shi, ya gama darasi. Da malam ya fito, Kaka ya gaishe shi, ya ce ya zo karɓar aron da aka yi.

"Haba Baba, ai abin alhwahari na," in ji malam. "Saƙakka za ta hat Ingila, manyan Turawa su gani."

"Malam, ni ba Ingila za ni ba."

Malam ya duba agogo, ya ce kada ya damu, za a sake masa da alawayyo ɗan kanti wanda ya fi wancan haske. Ba a sake ba. Kafin damina ta faɗi an yi wa malam canjin wuri zuwa birni, aka ce Bature ya yaba da ƙwazonsa.

Kaka ya ce zai saƙa wani. Inna ta ɗauko mazari, amma yatsunta sun riga sun ƙage, zaren na fita wani wuri kauri wani wuri kamar zai tsinke. Shi kuma ido ya tafi, sai ya lalubi zare da hannu, ƙoshiyar saƙa na kuɓuce masa tana faɗuwa, ina tsinto masa in na dawo daga makaranta. Abin da a da yake gamawa kafin azahar, yanzu sai ya kai mako bai kai ƙarshensa ba. Bai ƙara kirana ɓarawon mata ba, ni ma ban ƙara tambayarsa yaushe zai tafi ba, wasan ya fita daga bakinmu.

Tsakiyar damina zazzaɓi ya kwantar da shi, bai tashi ba. Maƙwabta suka aika kasuwa aka yanko yadin akoko na likkafani, irin mai kaushin nan da warin kanti, wanda a rayuwarsa ko wando bai yarda ya ɗinka da shi ba. Ana cikin haɗa shi Inna ta kira ni daga bakin ɗaki, ta ce in yanko abin da ke kan masaƙa in kai wa masu wanka. Na yanko na kai. Liman ya warware ya auna da hannu, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba, tsawonsa ko ƙafa ɗaya ba zai rufe ba. Sai ya tsaga shi gida uku. Da shi aka ɗaure masa kai, da tsakiya, da ƙafa.