Jamusancin Malam Balarabe

Malam Balarabe mutumin Kiru ne, kuma sai da ya shekara goma sha bakwai yana buga tafireta kafin ya ga kwamfuta da idonsa. A gindin wata darbejiya ya fara, kusa da tashar mota, yana buga wa mutane takardun neman aiki da na koke. Yatsunsa sun san gidan kowane harafi, har yakan buga wasiƙa idonsa na kan titi, yana gaisawa da masu wucewa. Daga baya wata ƙungiyar manoman rani da ke Tiga ta ɗauke shi akawu, ya kwashe matarsa Kyauta da tafiretarsa ya koma can.

A shekarar 1997 wani Bajamushe injiniya da ya yi aikin famfunan ban ruwa da ƙungiyar ya tashi komawa gida. Sai ya bar musu kwamfutarsa, irin wadda ake ninkewa a saka a jaka, da firinta, na'urar fitar da takarda. Kwana biyu ya yi yana nuna wa Balarabe: danna nan ka buɗe, nan ka rubuta, nan ka adana, nan ka fitar da takarda. Matsala ɗaya ce. Kwamfutar tana nan yadda kamfani ya haɗo ta, komai na cikinta da Jamusanci. Balarabe bai san ko kalma ɗaya ba, wurare kawai ya haddace.

Ranar da Baturen ya tafi, shugaban ƙungiyar, Alhaji Umaru, ya leƙa allon ya ga wata kalma mai tsawon igiyar guga.

"Malam Balarabe, kana jin yaren nan kuwa?"

Balarabe ya gyara hula. "Ɗan abin da ba a rasa ba, Alhaji."

Daga ranar ya zama tafintan kwamfuta. Alhaji mutum ne mai son a sake wasiƙa sau uku sau huɗu. In an zo na huɗun, wani ɗan akwatin rubutu ya fito a allo, sai Balarabe ya matso da fuska, ya motsa leɓe, ya girgiza kai.

"Me ta ce?"

"Ta ce wasiƙar ta yi kyau haka, Alhaji. In aka ƙara taɓawa za ta lalace."

In rana ta take kuma yunwa ta fara taɓa shi, sai kwamfuta ta ce ta yi zafi, a bar ta sai bayan la'asar. Ranar kasuwa ba ta cika son aiki ba. Kyauta ce kaɗai ta san gaskiya, takan ce, "Malam, ka ji tsoron ranar da wani mai jin yaren zai zo." Shi kuwa yakan ce daga nan har Doguwa babu shi.

Mai jin yaren bai zo ba. Habu ne ya zo, ɗan ƙanwar Alhaji, magidanci mai shekara talatin da ke aiki a wani shagon kwamfuta a Kano. Ya kawo wa kawunsa ziyara, aka shigo da shi ofis don ya ga abin alfahari. Aka kunna kwamfutar. Sai da aka gama gaisawa, aka tambayi iyali da mutanen birni, sannan ta gama tashi. Can sai ga ɗan akwatin nan.

"Ta ce baƙi sun yi yawa a ɗakin," in ji Balarabe.

Habu ya dubi allon. Shi ma ba ya jin Jamusanci, amma ya san hoton da ke gefe. Ya ce, "Baba Balarabe, ni dai hoton batir nake gani. Ina jin caji take nema."

"To ai shi ne. Baƙi ne ke shanye mata caji."

Habu ya danne dariya, ya juya wurin Alhaji. Ya ce kwamfutar lafiyarta ƙalau, tarkacen da kamfani ya cusa mata ne ya yi mata nauyi, abubuwan da ba wanda zai taɓa buɗewa a Tiga. A bari ya wanke ta tas, ya zuba mata sabuwar manhaja ta Turanci, wato abin da ke tafiyar da ita. Za ta riƙa tashi da wuri, kuma kowa zai iya karanta abin da take faɗa.

Wannan na ƙarshen ne ya tsaya wa Balarabe a wuya. Ya miƙe tsaye.

"Alhaji, ranka ya daɗe, wanda ya ƙera abu ya fi kowa sanin cikinsa. Duk abin da suka saka mata da dalili suka saka. Yau wata goma ba ta taɓa ƙin aiki ba."

"Ban da ranar kasuwa," in ji Alhaji.

Balarabe ya zauna.

Washegari Habu ya baje faya-fayansa a kan tebur. Ya kwafe takardun ƙungiya, ya danna abin da zai danna, Jamusanci ya tafi. Kafin azahar kwamfutar ta dawo da Turanci, tana tashi kafin mutum ya gama gyara zama. Alhaji ya sa tabarau ya karanta ɗan akwatin farko da kansa: tambaya ce kawai, a adana ko kada a adana. Ya daɗe yana kallon Balarabe ta saman tabarau. Balarabe ya duƙufa neman wani abu a cikin durowa.

Sai aka zo fitar da takarda, firinta ta yi gum. Habu ya cire waya ya mayar, ya kashe ya kunna. Ashe ɗan abin da ke haɗa ta da kwamfutar yana cikin tarkacen da aka share, kuma babu shi a faya-fayan Habu. Sautin kwamfutar ma ya ɗauke.

"Da can har sallama take yi in an kunna ta," in ji Balarabe, yana duban silin.

Habu ya ce zai samo a Kano. Alhaji ya ce ba komai, tunda yanzu kowa na iya aiki da ita, shi da kansa zai rubuta wa wansa wasiƙa kafin firinta ta warke. Ya zauna, yana neman haruffa ɗaya bayan ɗaya da yatsa guda. Da ya ɗaga kai sai ya ga: "Zuwa ga Zaza Yubairu, ina zi maka fatan yaman lafiza." Har "Zuwa" ɗin ma sai da ya gyara ta sau biyu.

Madannan Jamusawa, Z ne a gidan Y, Y a gidan Z. Sabuwar manhajar kuwa da tsarin Turanci take lissafi, saboda haka duk mai kallon madannai sai ya sha ƙasa. Balarabe ba ya kallo. Wata goma ya yi yana fama da haruffan nan biyu, yau sun koma inda tafireta ta saba masa. Ya karɓi kujera, ya buga wasiƙar Yaya Zubairu yana kallon taga, babu kuskure ko ɗaya.

Da yamma, bayan Alhaji ya fita, Balarabe ya lura Habu na ta sa faifai yana cirewa, gumi na zuba.

"Ɗana, me ya ɓace?"

Habu ya rage murya. "Jerin sunayen manoma da filayensu, Baba. Ban kwafe shi ba."

Balarabe ya jawo durowa ya fito da wani tsohon fayil. Duk abin da ya taɓa sakawa a kwamfuta yana da shi a takarda, don bai taɓa yarda da ita ba. Ya ce kwana biyu sun ishe shi ya mayar, ba sai Alhaji ya ji ba. Sannan ya ja Habu bakin dam ɗin Tiga, ya sa aka soya musu karfasa, aka barbaɗa yaji.

Suna cikin ci Habu ya ce, "Maganar haruffan nan, gyaran minti biyu ne. Akwai wurin da ake gaya mata madannan na Jamus ne."

Balarabe ya zare ƙaya a hankali ya ajiye. "Minti biyu. Ni kuwa kwana biyu zan yi a kan jerin nan naka."

Habu ya dube shi, ya dubi kifin, ya fashe da dariya har yaji ya sarƙe shi.

Bayan sati biyu ya dawo daga Kano da faifan firinta, ta ci gaba da aiki. Da Alhaji ya tambaye shi batun haruffan, sai ya ce abin yana buƙatar nazari. Alhaji ya dubi ɗan ƙanwarsa, ya dubi akawunsa, ya ce to, Allah ya ba da sa'ar nazari. Ya miƙa wa Balarabe wasiƙar ranar, ya ce a sake ta, karo na biyar.