Yatsan da Goggo Hansatu Ba Ta Sa wa Lalle

Shekara biyar ke nan da rasuwar Goggo Hansatu, ƙanwar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun ina ƙarama a Gyadi-Gyadi. Ba ta taɓa tsayawa takara ba, ba ta taɓa yankar katin wata jam'iyya ba. Sana'arta ƙunshi. Amma duk lokacin da aka fara manna fastoci a bangon layinmu, ita ce take fara faɗo mini a rai.

Siyasar layinmu ba ta da wuyar ganewa. Wanda yake kan kujera in bai yi aiki ba, za a juya masa baya, ko da mu muka ɗora shi jiya. Maza su ne masu zafin musu a teburin mai shayi, sai dai da yawansu direbobi ne da 'yan adaidaita sahu waɗanda rajistarsu take ƙauye. Ana gobe zaɓe sai su kama hanyar gida. Saboda haka akwatin zaɓenmu mata ne suke cika shi, kuma Goggo ta fi kowa sanin haka.

A shekarar da aka fara kawo na'urar duba yatsa, sai bikin 'yar wata maƙwabciyarmu ya faɗo a makon zaɓe. Goggo ta zage ta yi wa matan layi ƙunshi irin wanda take taƙama da shi, ja har ya koma baƙi, kowane yatsa ya sha lalle. Ranar zaɓe muka yi sammako zuwa firamaren unguwa. Mace ta ɗora yatsa, na'ura ta ƙi. Ta goge a zane ta sake ɗorawa, ta ƙi. Aka ce masu lalle su koma gefe su jira a cike musu takarda. Rana ta take, an bar yara a gida, ba a ɗora girki ba. Ɗaya bayan ɗaya suka sulale, mafi yawansu ba su dangwala wa kowa ba.

Maman Ngozi, mai shagon kayan masarufi a bakin layi, ita ma ta sha ƙunshin bikin. Ta ɗaga hannu tana dariya ta ce, "Goggo, aikinki ya yi kyau, amma ya cinye mana ƙuri'a." Goggo ba ta yi dariya ba. Da muka koma gida ta ƙi cin abinci, ta ce da ni, "Bilki, ba wanda ya hana matan nan zaɓe sai ni, da hannuna."

Daga nan ta kafa doka. In zaɓe ya rage wata guda, ko na kansila ne, duk wadda ta zo ƙunshi za a bar mata babban yatsa fari. Iyayen amare sun yi ta faɗa da ita, wasu suka ɗauke 'ya'yansu suka kai Unguwa Uku, ta rasa ciniki ba kaɗan ba. Amsarta ɗaya ce: "Wannan yatsan ba na biki ba ne." Ba ta taɓa gaya wa kowa wanda za ta zaɓa ba. Ita da Maman Ngozi ba su taɓa son ɗan takara ɗaya ba, amma tare suke tafiya, suna tsokanar juna har bakin akwati. A zaɓen da ya biyo baya layin mata sai da ya zagaye katangar makarantar, hannuwa jajaye, kowanne da farin yatsa guda. Ban taɓa jin alfahari da ita kamar ranar ba.

Ina yawan tambayar kaina me za ta ce da ta ga yau. Na'urar yanzu tana gane fuska in yatsa ya ƙi, don haka dalilin dokarta ya wuce. Abin da yake hana mutane fita yanzu gajiya ce. Samari suna kwana suna tashi da rigimar siyasa a waya, ranar zaɓe kuma su kafa ƙwallo a kan titi tunda babu motoci. Na san da ba za ta ƙyale su ba. Ni ma da ba ta ƙyale ni ba, domin a zaɓen da ya wuce na yanke shawarar ba zan fita ba. Tsadar abinci ta ishe ni, alkawura sun ishe ni, na cusa katina can ƙasan akwatin tufafi.

Ana saura kwana uku zaɓen aka gayyace ni suna a Babban Giji. Na je ƙunshi wajen Sa'a, wadda ta koyi sana'ar a hannun Goggo, yanzu har da 'ya'yanta uku. Hira ta ɗauke mini hankali, sai da aka kwance ledar na ga babban yatsana fari tas.

Na ce, "Sa'a, kin manta wannan."

Ta ce, "Ban manta ba, Anti Bilki. Haka aka koya mini."

"Ai na'urar yanzu fuska take dubawa."

"To, sai ki kai mata fuskar."

Kunya ta kama ni, kamar Goggo ce ta kama ni da ƙarya. Ranar zaɓe na tono katin na fita. Layin bai kai na da ba, ba zan ɓoye ba. Amma Maman Ngozi tana nan a gaba da kujerarta ta roba, ga kuma 'yan mata waɗanda ba su san Goggo ba sai a labari, su ma da fararen yatsunsu. Wanda na zaɓa bai ci ba, kuma ban yi nadamar fitowa ba.

Goggo ba ta haihu ba, ba ta bar gida ko fili ba. Ta yi kuskure sau ɗaya, ta ƙi yafe wa kanta, ta yi ta gyara shi har ƙarshen ranta. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Wani zaɓen yana tafe, Sa'a kuma ta riga ta fara faɗa da iyayen amare.