Zaren da Ke Kan Murfi

Zargi mugun ciwo ne, kuma a gidan hayarmu na ga ya kayar da ƙato. Amma ba don shi na ɗauki biro ba. Don Inna Mai Kwanuka ne, wadda 'yarta za ta ɗauke ta daga cikinmu ƙarshen watan nan, bayan shekara ashirin da biyu.

Gidan bene ne, ɗaki goma sha huɗu, kusan kowanne da baƙon wata ƙasa. Da hantsi Inna takan ja kujerarta ta shiga madafin wannan, gobe na wancan, ta zauna tana kallon hannu. Matar makaniki ta koya mata shinkafa da ruwan kwakwa. Tela, gwauro daga ƙasar sanyi, ya nuna mata miyar kabejin uwarsa. Ranar Laraba sai ta dafa kala-kala ta raba, abincin garin wannan ya shiga ɗakin wancan, kyauta.

Abin da ya tsaya mana a rai zare ne. Kowane murfin kwano da zarensa a ɗaure: ja, baƙi, wani ƙulli biyu. Ba zan ɓoye ba, ni kaina sai na shinshina kwanona kafin in sa hannu.

Mai gadi ke raba mata kwanukan saboda ciwon gwiwarta, kuma ya fi kowa baki.

"Baba, tsohuwa ta ciyar da gida guda a banza, ga ƙulle-ƙulle? Ɗaure mu take yi."

Na ce, "To ka daina ci mana."

"Ai ni da addu'a nake ci," in ji shi, yana lasar yatsa.

Ya kai ƙara wurin mai gidan, shi kuwa ya ce in ta tabbata asiri ne, Inna za ta kwashe kayanta. Mai gadi bai jira bincike ba. Wata Laraba a kan matakala ya sa reza ya yanke zaren duka, ya miƙa wa kowa kwanon da hannunsa ya kai. Kafin la'asar tela ya kumbura, numfashi da ƙyar, makaniki ya ruga da shi asibiti.

Mai gida ya tara mu, duk ido a kan Inna. Mai gadi ya zaro guntayen zaren daga aljihu. "Ga asirin, ni na karya shi."

Inna ta nuna guntayen zaren ta ce:

"Ja na tela ne, gyaɗa ba ta shiga cikinsa. Baƙi na Baba, ban da gishiri, saboda hawan jini. Ƙulli biyu na mai ciwon suga. Ban iya rubutu ba, ɗan nan, da me kake so in tuna?"

Shekara tara ina cewa girkinta lami ne, ashe raina take tsarewa.

Inna, ke ce kika san cutar kowa ba ki tallata ba. Ke ce kika sa baƙo ya ɗanɗani gidansu a ƙasar da ba tasa ba. Da tela ya dawo bayan kwana uku, daga hannunki ya fara cin abinci. Mun gode, ki yafe mini shinshinar. Ku matan gida, ku je ku zauna kusa da murhunta tun tana nan, ku koyi girkin, ku koyi zaren.

Mai gadi kuwa ya rasa aikinsa na shekara goma sha ɗaya, da ɗakin bakin ƙofa, da kwanon Laraba. Nasa kwanon farin zare gare shi. Da na tambayi Inna ma'anarsa, ta ce, "Ƙarin nama yanka biyu, ai shi ke hawan bene."