Sista Abu da Katunan da Take Gyarawa a Ɓoye

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina shirin fita makaranta aka kira ni daga Maradi. Sista Abu ta rasu.

Na zauna a bakin gado da takalmi ɗaya a ƙafa, na kasa sa ɗayan.

Yarana na ajin kwamfuta, ita ce matar da na yi muku alkawarin za ta yi muku magana ta bidiyo ranar Asabar. Na so ku ji labarin daga bakinta. Yanzu sai dai daga nawa, kuma nawa bakin da ɗaci.

Sunanta Hajiya Zainabu, haifaffiyar unguwar Nima. A shekarun sittin tare muke shiga motar haya, trotro, zuwa wani kamfani a Adabraka. Aikinmu huda kati. Kwamfutar lokacin ta cika ɗaki guda, kuma ba ta jin magana sai ta kati mai ramuka. Za ka zauna gaban inji mai kama da tafireta, ka buga, ya huda. Rami ɗaya ya kauce, aiki ya lalace.

Shi ya sa ake aikin bibbiyu. Ɗaya ya huda, ɗaya ya sake bugawa a wani injin don ya tantance. In akwai kuskure, injin ya yi wa katin ɗan yanka a gefe, a kai wa manaja da sunan mai laifi.

Sista Abu ce mai tantancewa.

Ranar da na fara aiki da yunwa na zo. Ta kwance ganyen waakye, shinkafa da wake, ta turo mini. "Fati, ci tukuna. Mai yunwa ba ya huda daidai." Ɗakin kwamfutar sanyi ne da shi kamar firij. Rigar sanyinta na yi wata da watanni ina sawa, ba ta taɓa tambayata ba.

Akwai wani saurayi ɗan Maamobi da ke huda tare da mu. Ba zan kama sunansa ba, yana da jikoki a garin nan. Hannunsa da sauri, kuskure kuwa da yawa paa. Lokacin da kowa ya fita cin abinci, Sista Abu sai ta zauna ta sake huda katunansa, ta yage masu yankan.

Na ce, "Sista, kina sangarta shi fa."

Ta ce, "Bar shi ya koya small small. Ɗan zango ne, ɗan unguwarmu. In aka kore shi, mu aka kora."

Sai kamfani ya ce zai zaɓi mutum ɗaya a koya masa rubuta wa kwamfutar umarni. Kowa ya san ita za a ɗauka. A daidai lokacin gwamnati ta ce baƙin da ba su da takarda su bar ƙasar. Mahaifinta daga Nijar ya zo fataucin goro tun yana saurayi. A ofis babu wanda ya san haka sai wanda ya saba cin tuwo a gidansu.

Ina ɗauke da akwatin kati a ƙofar manaja na ji saurayin nan da kunnena. "Ku duba, ba a taɓa kawo katina da yanka ba. Kuma ni ɗan ƙasa ne. Ita fa, ku tambaye ta garin ubanta."

Na ruga na faɗa mata. Ta ƙarasa katin da ke gabanta.

Ta shiga babbar mota tare da mahaifinta, zuwa garin da ba ta taɓa gani ba. Ba ta sake taɓa inji ba sai keken ɗinki.

Ganina da ita na ƙarshe a tsakar gidanta ne a Maradi, idonta ya yi rauni. Ta tambaye ni, "Kwamfutar nan har yanzu tana son sanyi?" Na sa mata wayata a hannu, na ce wannan ta fi waccan ƙarfi nesa ba kusa ba. Ta juya ta, ta kwashe da dariya. "Chale, ƙawata, a kan wannan 'yar abar aka kore ni?"

Na kawo zancen mutumin. Ta ce, "Fati, na yafe masa tun muna kan hanya."

Ni ban yafe ba. Kwanan baya ina zaune a wani taro aka kira shi gaba, aka rataya masa lambar yabo a matsayin ɗaya daga cikin na farko a harkar kwamfuta. Ya karɓi makirufo ya ce shi ya koya wa kansa komai. Aka tafa. Ɗalibaina ma sun tafa, don ba su sani ba.

To yau kun sani.

Allah Ka jiƙan Zainabu, Ka rufa mata asiri yadda ta rufa wa wasu, Ka ba ta gidan da babu mai cewa ta fita.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi mata addu'a, ya kama sunanta da bakinsa. Ni ma ku sa ni a ciki, Allah Ya sassauta abin da ke zuciyata.